Kwat ɗin Garga Yana Ofis

A shekarar da aka karya darajar sefa, kamfanin gwamnati na fatu da ƙiraga ya cika shekara uku bai sayi ko fatar akuya ba. Ba a rufe shi ba. Rufewa na bukatar wani ya sa hannu, kuma a Yawunde ta lokacin babu mai sha'awar sa hannu a kan komai. Albashi ne ya fara daina zuwa, wutar lantarki ta bi shi, sannan ruwan famfo. Ma'aikata kuwa ba a sallami ko ɗaya ba. An gaya musu wasu masu kuɗi daga waje za su sayi kamfanin, za su riƙe rabin waɗanda suka tarar a bakin aiki. Wanda ba su tarar ba, shi ya sallami kansa.

Da yake mutane suna da iyali, kuma iyali ba su daina cin abinci ba, sai ma'aikatan suka koma ga wata tsohuwar al'ada ta ofisoshin birnin. Idan kwat ɗinka na rataye a bayan kujerarka, kana nan, ka ɗan fita ne. Da can ana yin haka don a leƙa banki ko jana'iza. Yanzu mutane suka rataye kwat suka tafi tuƙin taksi, ko sayar da gwanjo, ko noman rogo a ƙauyen matansu. Duk wanda ya hau bene na biyu zai tarar da kwat-kwat jere a kan kujeru cikin natsuwa, ba gulma, ba neman izinin fita. Kamfanin bai taɓa samun ma'aikata masu ladabi irinsu ba.

Doka ɗaya ce, kuma ba a rubuta ta ba. Kwat ya sauka, kujera ta tafi sito. Tunda rabi za a riƙe, duk kujerar da ta ragu alheri ce ga sauran, don haka kullum akwai mai sa ido. An yi wani akawu da ya ɗauki nasa don hoton bikin 'yarsa. Da ya dawo da yamma, abin da ya tarar shi ne sawun ƙafafun kujera huɗu a cikin ƙura.

Kwat ɗin Garga mai ruwan toka ne, yana kusa da taga. Garga ɗan Garwa ne, shi ne shugaban masu tantance fata, mutumin da ke shafa ƙirgi da bayan hannu ya gaya maka ko saniyar ta sha wahala. Duk Litinin yakan taka daga unguwarsu ta Briqueterie zuwa ofis, ya kaɗe wa kwat ɗin ƙura, ya ɗan zauna kusa da shi kamar mai dubiya, ya dawo. A unguwa Shef ake ce masa, wato shugaba da Faransanci. Idan ya ratsa layin mahauta sai su ɗaga wuƙa su ce, "Shef, ya ofis?" Shi kuma ya ce, "Ofis alhamdu lillahi." Ba ƙarya yake yi ba. Ofis na nan lafiya.

Gidan kuwa matarsa Kaltuma ce ke riƙe da shi, da ƙosai da safe, da folere mai sanyi a kwalabe da rana, wato abin da mutanen Najeriya ke ce wa zoɓo. Wata rana tana kwashe ƙosai daga mai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Baban Saliha, akwai aiki a Ekoudou."

"Ina da aiki."

"Kwat ɗinka ke da aiki. Kai nake nema wa."

Wani direba mai sayen folere ne ya ba ta labari. Wata ƙungiya mai yi wa shanu allurar rigakafi tana neman tafinta, mai jin Hausa da Fulatanci, wanda ya san dabba. Shugabar likitar dabbobi ce 'yar Bamenda, da Ingilishi take aiki, da shi kuma za ta yi wa masu nema tambayoyi. Sharaɗinta ɗaya: ba ta ɗaukar wanda ke da wani aiki a wani wuri.

Ingilishin Garga na makarantar lise ne, wato sakandare, ya daɗe a ajiye, Pidgin ɗin kasuwa ya hau kansa ya zauna. Sai Kaltuma ta tura shi wurin Malam Alim.

Malam Alim ya yi jami'a, yana koyar da Ingilishi a wata lise ta gwamnati. An zaftare masa albashi sau biyu a shekara guda, sai ya fahimci saƙon, ya buɗe aji a bayan shagon Mu'azu tela, tsakanin la'asar da magariba. Allo ɗan ƙarami ne, a jingine da buhun ƙyallaye. Ladansa daga gidan Garga folere ne, kuma ya ce shi ne albashi na farko da ya zo masa a kan lokaci, da sanyinsa.

"Tambayar farko da za ta yi maka, Shef, ita ce ka ba ta labarin aikinka," in ji Malam Alim. "A nan Ingilishi na da ƙofa biyu. In ka ce I worked, ka yi aiki, an gama, an share wurin. In ka ce I have been working, ka fara tun da, kuma har yanzu kana ciki. Zaɓi ɗaya."

Garga ya dubi allon. "Babu ta uku?"

"Wace iri?"

"Ta mutumin da yake nan, amma ya ɗan fita."

Keken Mu'azu ya tsaya. Duk lokacin da hira ta yi daɗi, zarensa na ƙarewa.

"Waɗanda suka ƙera harshen nan ba su taɓa aikin gwamnati a Yawunde ba," in ji Malam Alim. "Akwai dai I was working. Kana cikin yi, wani abu ya faɗo ya katse. Amma ita sai ka faɗi abin da ya katse ɗin."

"Ba abin da ya katse. Ba wanda ya sa hannu."

"To ka koma ga biyun farko."

"In na ce har yanzu ina ciki, ba za ta ɗauke ni ba."

"Ba za ta ɗauke ka ba."

"In na ce an gama, na yi ƙarya. Kwat ɗina na can."

"Shef, ka tura mata kwat ɗin mana," in ji Mu'azu. "Shi ne mai ƙwarewar. Shekara uku bai yi fashi ba."

"Ka ji da ɗinkinka, Mu'azu. Wandon da na kawo maka tun azumi, shi ma an gama ne, ko ana ciki?"

"Ana ciki, Shef. Malam, yaya ake faɗinsa da Ingilishi?"

Garga ba daƙiƙi ba ne. Cikin ɗan lokaci ya iya raba abin da ya wuce da abin da ke gudana a kowane fanni na rayuwa. Ya zo Yawunde, an gama. Yana zaune a Briqueterie tun zuwansa, ana ciki. Ya auri Kaltuma, an gama; tana yi masa magana a kan aikin Ekoudou, ana ciki. Malam Alim ya ce bai taɓa samun ɗalibi mai saurin kamawa haka ba. Amma da zarar an zo kan kamfanin fatu, sai Garga ya yi gyaran murya, ya tambayi ko magariba ta kusa.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi tambayoyin, Malam Alim ya ajiye alli ya dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Da me za ka je?"

"Da babbar rigata. Shuɗiyar."

"Bikin suna za ka je? Shef, kai da ka yi ofis. Ba a tsayawa gaban shugaba babu kwat. Kafin ka buɗe baki an gama da kai."

Mu'azu ya goyi baya. Kaltuma ma, da aka gaya mata, ta goyi baya. Wannan abu ne da kowa a unguwar ya sani, har waɗanda ba su taɓa taka ofis ba, musamman ma su.

Sai aka shiga neman aro. Garga ya fara da malaminsa.

"Nawa yana lise," in ji Malam Alim. "Yana da aji har yamma."

Na maƙwabcinsu yana wata ma'aikata, shi maƙwabcin yana sayar da katin waya a bakin titi. Na surukin Mu'azu yana ofis a Tsinga, mai shi yana Ngaundere tun bara. An ambaci na wani bawan Allah da ya rasu da damina, aka je, sai matarsa ta ce ba a sauke shi daga kujera ba tukuna, suna jiran su ga yadda al'amura za su kasance. Mu'azu ya ce zai ɗinka sabo in an kawo yadi, Garga ya tuna wandonsa ya yi godiya. Gwanjo kuwa tun da sefa ta faɗi ya zama kayan kallo. A taƙaice, duk kwat ɗin da ke Briqueterie yana bakin aiki. Masu su ne ke zaman banza.

"Saura ɗaya," in ji Kaltuma. Tana tace folere, hannunta ja har wuyan hannu.

"In na ɗauke shi, Awalu zai ja kujerar kafin in sauka bene." Awalu mataimakinsa ne, kuma tun da kamfanin ya daina aiki bai taɓa makara ba.

"Ya ja."

"In masu sayen suka zo fa?"

"Saliha tana rarrafe aka ce suna hanya. Yanzu ita ke kai wa maƙwabta ƙosai. Da ƙafa suke tahowa?"

"In matar nan ba ta ɗauke ni ba, na rasa biyu."

"In ba ta ɗauke ka ba, ka dawo gida da kwat. Yanzu ko shi ba ka da shi."

Garga ya kai ƙosai baki. Ya san mutum na iya yin gardama da matarsa a kan abubuwa da yawa, amma ba lokacin da yake cin ƙosanta ba.

Ranar da za a yi tambayoyin, bayan ya karya, ya sa farar shat da wandon da ya rage masa, ya naɗe shuɗiyar babbar riga a leda, ya nufi ofis. Yana da dabara. Baba Mika'ilu maigadi na zaune a bakin ƙofa yana gasa masara, sana'ar da ya ƙara a kan gadin tunda shi ba shi da kwat da zai tsaya masa.

"Shef, yau ba Litinin ba ce."

"Na sani, Baba. Wani ɗan abu zan yi. In na ɗauki kwat na bar riga a wurinsa, yaya kake gani?"

Mika'ilu ya juya masara. "Riga a kan kujera, mai ita ya tafi alwala ke nan. Alwala kuwa ba ta kai azahar."

"Babbar riga ce fa. Da aiki a wuya."

"Ko da zinariya aka yi aikin, Shef. Ni ba ni na kafa dokar ba."

Garga ya hau bene. Ɗakin na warin ƙura da tsohuwar fata. Kwat-kwat na zaune a wurarensu. A can ƙarshe Awalu na zaune da kansa, cikin nasa kwat ɗin, yana karanta jaridar da ta kwana biyu. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi gajiya. Awalu bai sauke jaridar ba, amma bai ƙara juya shafi ba.

Garga ya tsaya a bayan kujerarsa. Ya taɓa aljihu, ya ji wani abu mai tauri: goro ne, ya bushe ya zama dutse. Ya tuna ranar da ya saye shi. A ranar an ce musu matsalar albashi ta mako biyu ce.

Ya ɗaga kwat ɗin. Bai zo da sauƙi ba, ya ɗan manne da katako. Kafaɗunsa sun ɗauki siffar kujera, sun miƙe sun yi kusurwa, kuma ɓangaren da ke fuskantar taga rana ta cinye launinsa ya koma kalar koko. Ya kaɗe shi ya sa. Ya yi masa yawa. Kwat ɗin bai rame ba a shekarun nan.

"Shef, fita za ka yi, ko tafiya?" in ji Awalu daga bayan jarida.

"Zan ɗan leƙa Ekoudou."

"Allah ya kiyaye hanya."

Bai kai tsakiyar bene ba ya ji ƙarar ƙafafun kujera a kan siminti. Ba a ma ɗaga ta ba, janta ake yi. Ya tsaya ya saurara har ƙarar ta shige sito, aka rufe ƙofa. Ya yi tsammanin zai ji wani abu mai nauyi a ƙirjinsa. Abin da ya ji shi ne ƙaiƙayi a wuya, inda ƙurar kwala ke taɓa shi.

Ofishin ƙungiyar a Ekoudou wani fili ne mai katanga, da rumfar kwano, da farar mota a-kori-kura, da akwatunan sanyi na magani jibge a gefe. Masu neman aikin na tsaye a inuwa. Ɗaya da jallabiya, ɗaya da rigar ƙwallo, wani dattijo da babbar riga shuɗiya irin wadda ke cikin ledar Garga. Babu mai kwat sai shi. Suka matsa masa cikin girmamawa, sun ɗauka daga ma'aikata aka aiko shi.

Shugabar na zaune a kan akwatin magani, da takalmin roba har gwiwa, tana cin gyaɗa. Da layi ya zo kansa, ta dubi kafaɗun nan masu kusurwa, ta dubi ɓangaren da ya koɗe. Ta tambaye shi sunansa da garinsu da Ingilishi, ya amsa. Sannan ta ce ya ba ta labarin aikinsa.

"I worked," in ji Garga, ya ambaci kamfanin da shekarun da ya yi yana tantance fata.

Maganar ta fito sumul, ba gyaran murya. Ya yi mamakin sauƙinta.

Ta ce ta san kamfanin. Ta ce mutum biyu ta ɗauka kafin shi, dukansu sun rantse ba su da wani aiki, kuma dukansu sukan ɓace duk Litinin. Ta tambaye shi yaushe ya bari.

"Yau da safe."

Ta daina tauna gyaɗa. Ta tambaya ko zai iya komawa.

Ya ce babu kujera. Ya faɗe shi da Ingilishi, sannan ya maimaita da Faransanci don kada a samu kuskure.

Ta kira wani makiyayi da ke tsugune kusa da mota, ta ce Garga ya tambaye shi abin da ke damun garkensa. Garga ya tsuguna, kwat ɗin ya tashi sama ya rufe masa kunnuwa, suka yi magana da Fulatanci. Ya juyo ya gaya mata shanun na dalalar da yawu, suna ɗingishi, abin ya fara tun kasuwar da ta wuce kuma bai tsaya ba. A nan ya yi amfani da ƙofa ta biyu, wadda ake ciki har yanzu, kuma ya yi daidai. Malam Alim zai ji daɗi.

Ta shiga rumfa ta fito da takalmin roba da wata shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando. Ta ce gobe da sassafe za su kasuwar shanu, daga can sai daji, sai ƙarshen mako. Ta nuna kwat ɗin da ɗan yatsa ta ce kada ya zo da wannan, zai tsorata dabbobi.

Garga ya cire shi nan take. Ya waiga yana neman inda zai rataye. Hannunsa ne ya nema, ba shi ba. Ya dubi rumfar, ya dubi filin. Babu kujera ko ɗaya a wurin. Sai ya naɗe shi ya tura cikin leda, a kan babbar rigar da zai iya zuwa da ita tun farko.

Labari ya riga shi isa unguwa, amma rabinsa ne ya iso, rabin da Awalu ya aiko. Da ya ratsa layin mahauta rungume da takalmin roba, ba wanda ya ɗaga wuƙa. Babban cikinsu ya goge hannu ya fito ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam Garga, mun ji abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri."

"Ai aiki na samu."

"Haka ne, haka ne. Mutum ba ya zama haka. Ko mene ne a riƙa taɓawa." Ya dubi takalmin cikin tausayi. "Shekara nawa kana ofis. Wannan zamani."

Daga ranar ba a ƙara ce masa Shef a layin mahauta ba. Shekara uku yana zaune ana gaishe shi da aiki. Ranar da ya samu aiki aka yi masa jaje.

Kaltuma ta karɓi takalmin ta juya shi ta duba ƙasansa, ta ce mai kyau ne. Ta fito da kwat ɗin ta shanya a igiya ya sha iska. Ya tsaya a kan igiyar da kafaɗunsa a miƙe, kamar yana jiran a kawo masa fayil.

Bayan la'asar Malam Alim ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo folere.

"Wace ƙofa ka bi?"

"Ta farko."

"Ba tuntuɓe?"

"Ko kaɗan. Ashe ba wuya, in an riga an ja kujerar."

"Ban sa wannan a darasi ba," in ji Malam Alim. Ya kurɓi folere. Idonsa na kan igiya. Ya yi maganar tsadar shinkafa, ya yi maganar ruwan sama, ya sake kurɓa. "Shef, wannan kwat ɗin, yanzu me zai riƙa yi?"

"Hutawa."

"Don akwai wata kwaleji mai zaman kanta a Tsinga, sun ba ni aji. Sai dai mai makarantar na son ya riƙa ganin malamansa a ɗakin malamai daga safe har yamma. Ni kuma da safe ina lise."

"Na ɗauka kwat ɗinka ne ke lise."

"Shi ke riƙe yamma. Da safe nakan je da kaina, ba a gama lalacewa ba." Ya ajiye kofin. "Aro nake nema. Zan riƙa kaɗe shi."

Garga ya dubi Kaltuma. Kaltuma ta sauke kwat ɗin daga igiya, ta cire busasshen goron daga aljihu, ta ninke shi yadda kafaɗun suka yarda, ta sa a leda ta miƙa wa malamin.

"A samo masa wuri nesa da taga, Malam," ta ce. "Ɗaya ɓangaren kaɗai ya rage."

Washegari Garga ya hau bayan mota tsakanin akwatunan magani, ya tafi daji. Kwat ɗin ya kama aiki ranar Litinin.